Idon Struan na Hagu

Greenock, Scotland, farkon Maris

Fergus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, sanyin can bai ƙarasa cinye maka yatsu ba. Mu nan ƙalau muke, in ban da ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun Sabuwar Shekara. Mama tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, har tana hawa benen da kanta, sai dai yanar idon ce ke ƙaruwa. Ranar Lahadi da muke dawowa daga coci ta gai da turken fitilar bakin titi, ta kuma yi fushi da bai amsa ba. Ta ce in tambaye ka ko safar da ta saƙa maka ta iso, tunda kai ba ka san a ce an gode ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yayana, ɗan'uwanka, gwanin naka, ya haukace. Struan zai koma dambe.

Kada ka yi dariya, na san halinka. Shekararsa arba'in da ɗaya. Rabonsa da kambun duniya tun kafin ka tafi Kanada, kuma tun da aurensa ya mutu ya dawo ɗakinsa na da, bai sake ko kallon safar dambe ba. Yana dakon buhunan sukarinsa a sito, ya dawo ya ci abinci ya kwanta, kowa ya huta.

A cikin bas abin ya faro. Yana zaune zai tafi aiki, wasu mutum biyu a kujerar gabansa suna hirar 'yan damben da. Ɗaya ya ce a ajin marasa nauyi ba a taɓa yin kamar Struan Pirie ba, hagunsa kamar allurar keken ɗinki. Ɗayan ya ce ƙwarai kuwa, Allah ya ji ƙansa, ai giya ce ta kashe shi a London. Struan fa, da ko ranar biki sai an matsa masa yake kurɓa. Ya taɓa kafaɗar mutumin ya ce ga shi nan da ransa, shi ne Struan Pirie. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ga rigar aiki duk garin sukari, ya ce, "Ni kuma Fafaroma ne, baba." Bas ta kwashe da dariya.

Tun ranar ban sake gane kansa ba. Kwana kaɗan sai ga shi da Dod Strachan a ɗakin girkinmu, suna cinye mana biskit. Ka tuna Dod, mai haɗa dambe a tsohon gidan rawa na bakin tashar jirgin ruwa, wanda ko gawa ya gani sai ya tambayi nauyinta. Sun tsayar da Asabar ta ƙarshen Yuni, turmi takwas, da wani Rab Gilfillan daga Paisley, saurayi ɗan ashirin da uku, wuyansa kamar na bijimi. Hukumar dambe ta hana Struan takarda bayan an duba lafiyarsa, shi ya sa ya koma wa Dod, wanda ba ruwansa da takarda.

Likitan Glasgow bai ɓoye mana komai ba. Ya ce idon na hagu ya fara ɓamɓarewa daga ciki, bugu ɗaya a gefen kai ya isa ya kashe shi har abada. Ya ce a yi aiki kafin kaka, kafin nan kuma a guji duk abin da zai girgiza kai.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gaba har na gaji na sauko. Abin da yake ce mini kawai, ba zai bari a binne shi yana tafiya da ƙafafunsa ba. Kai ne ka tsaya a kusurwarsa ta fagen dambe tun kuna yara, kai ka share masa jini a ƙasashe bakwai, maganarka kaɗai ke shiga kunnensa. Ka rubuto masa ka hana shi. Ban taɓa roƙonka komai ba, in ka cire keken da ka ara ka jefa a ruwa.

Taka,
Ishbel

Sansanin madatsar ruwa, arewacin Quebec, ƙarshen Maris

Ishbel 'yar Anti,

Wasiƙarki ta iso a jirgin saman Alhamis tare da buhunan dankali, ta kuma same ni lafiya. Yatsuna goma cif, na duba su yanzu saboda ke. Aiki dai ga shi nan, manyan motoci na lalacewa ina gyarawa, sanyi na sake lalata su. Ki gaya wa Anti Effie safa ta iso, har wani Bafaranshe a ɗakinmu ya so ya saya na hana.

Maganar idonta ta tayar mini da hankali. Ban san abin ya kai haka ba. In likita ya ce bugu ɗaya a kai zai iya kashe idon, to don Allah ki daina barinta tana hawa benen nan ita kaɗai, a kuma ɗauke tabarmar bakin ƙofa da take tuntuɓe da ita. A yi aikin da wuri. Ki rungume mini ita.

Shi kuma gogan naku, Ishbel, kin cika ɗaukar zafi. Na karanta labarin bas ɗin a ɗakin cin abinci, na yi dariya, daga baya kuma na ture farantin. Mutumin da aka ɗora a motar gawayi aka zaga gari da shi ranar da ya kawo kambun duniya, jiragen ruwa na ta busa ƙaho, yau shi ake yi wa addu'ar matattu yana zaune a baya? Ke ba ki je Caracas ba. Ni na je. Zafi kamar an rufe mu a tanda, mutane dubu ashirin na neman jininsa, hannun damansa ya karye tun a turmi na uku. Da ya dawo kusurwa na ce mu haƙura, ya ce in rufe masa baki in ba shi ruwa. Da hagu kaɗai ya kai turmi sha biyar ya ƙwace kambun. Irin wannan mutum ba a ce masa zauna.

Hukuma kuwa na san shekaru suka gani suka tsorata. Arba'in da ɗaya ba tsufa ba ne ga wanda bai sha ba, bai busa ba. Turmi takwas da ɗan Paisley? Ai Struan zai yi wannan yana tunanin abin da za a ci da dare. Ki bar shi ya fitar da abin da ke cinsa, ya nuna musu sau ɗaya, ya dawo ya kwanta.

Na rubuta masa tasa daban kamar yadda kika ce, ko da yake ba abin da kika so na faɗa ba. Na ce masa komai ramar giwa ta fi kwando goma, ya riƙa gudun safe a kan tudu, ya rage burodi. Maganar keke kuma, shekara talatin ke nan, kuma birkinsa ne ba kyau.

Naki,
Fergus

Greenock, Afrilu

Fergus,

Muna lafiya. Mama lafiya. Ina fata kai ma lafiyarka ƙalau, don ina so ka kasance da cikakken ƙarfinka lokacin da kake karanta wannan.

Mama ce za ta shiga fage? Mama ce za ta yi turmi takwas da Rab Gilfillan? Wa ka taɓa ji yana bugun tsohuwa 'yar saba'in da huɗu a gefen kai? Idon Struan nake nufi, Fergus. Idon Struan na hagu. Na Mama yana ce irin ta tsufa, kowace tsohuwa a layinmu tana da ita. Shi ne likita ya ce zai makance. Shi ya sa hukuma ta hana shi takarda, ba don shekaru ba. Na zauna na rubuta maka da hannuna dalla-dalla, ka karanta da ƙeya.

Ka san abin da wasiƙarka ta yi? Kafin ta zo ya fara sanyi. Ya yi kwana biyu bai fita gudu ba, har ya tambaye ni ko aikin idon na da zafi. Sai ga ambulan mai tambarin Kanada. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, ya ture burodin da na sa masa. Yanzu tana liƙe a bangon ɗakin motsa jiki, saitin buhun da yake naushi. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, wai ga abin da Fergus ya ce, Fergus da ya san shi fiye da kowane likita. Jiya na ce masa kai ba ka san da zancen idon ba ne. Ya ce ƙarya nake, ai ni na gaya maka da kaina, ka kuma auna ka ga ba komai.

Ita kuwa Mama, da na karanta mata inda ka ce a ɗauke tabarma, ta ce wa ya gaya maka tana tuntuɓe, ta kuma hana a taɓa tabarmar. Ka ga ka haɗa ni faɗa da mutum biyu da takarda ɗaya.

Ka zauna yau ɗin nan, ba gobe ba, ka rubuta masa cewa ka yi kuskure. Ka rubuta da manyan baƙaƙe. Kada ka sa giwa, kada ka sa Caracas.

Ishbel

Greenock, tsakiyar Mayu

Fergus,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, ko da yake in lafiyar ce to ba ka da hujja. Mama ta yi mura ta warke. Ni kuma gani nan, kullum ina leƙen mai kawo wasiƙa ta taga har ya fara zaton sonsa nake.

In fushi ka yi da abin da na rubuta, ka ajiye fushin zuwa Yuli, zan karɓe shi hannu biyu. Yanzu ba lokacinsa ba ne.

Bari in gaya maka abin da nake gani, tunda kai kana can cikin ƙanƙara ba ka gani. Jikinsa ya dawo, wannan ba ƙarya. Tumbin ya tafi, yana tsallen igiya a tsakar gida har matan bene suna leƙowa. Amma shekaranjiya ya zo zuba shayi ya zuba a gefen kofi, ya yi sauri ya goge da hannun riga yana zaton ban gani ba. Kafaɗarsa ta hagu duk tabo ce saboda karo da bakin ƙofa. Na gwada shi da gangan, na tsaya ta hagunsa riƙe da faranti, na daɗe a tsaye, bai san ina wurin ba sai da na yi tari. Wannan ne zai tsaya gaban saurayin da hannun damansa ya kwantar da mutum tara.

Tsofaffin da kuka yi aiki tare duk sun ƙi tsaya masa a kusurwa. Da ya rasa kowa sai ya zo yana sosa ƙeya, wai tunda ina aiki a gidan kula da tsofaffi na iya ɗaure rauni. Na ce na yarda. Ya yi mamaki, bai san lissafina ba: mai kusurwa shi ke riƙe da tawul, kuma in tawul ya faɗa fage dambe ya ƙare. Da ya farga ya ce in rantse ba zan jefa ba. Na ce ya nemi wata ƙanwar.

Ni da ko a talabijin ban taɓa iya kallonsa ba, yau ni ce zan tsaya ina jin ƙarar naushi a fuskarsa. Ka ga inda kuka kai ni, kai da shi.

Ka rubuto.

Ishbel

Sansanin madatsar ruwa, farkon Yuni

Ishbel,

Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi na yi ba. Ƙanƙara ce ta narke, filin saukar jirgi ya zama kunu, muka yi makonni ba jirgi ba wasiƙa, har taba ta ƙare a sansanin mutane suka fara faɗa da juna. Wasiƙunki biyu tare suka iso jiya. Na gode Allah da murar Anti ta wuce.

Na ɗauko ta farkon na sake dubawa. Takardunki sirara ne, kin rubuta gaba da baya, ba lamba, ni kuma na juya su ba daidai ba, sai maganar likita ta faɗo daidai ƙarƙashin yanar idon Anti. Ba ina kare kaina ba ne. Da na san idonsa ne, da na ce ya karya ƙafarsa da kansa ya fi.

Amma na san Struan. In na rubuto masa yanzu na ce na janye, zai ce ke kika tsaya a kaina. Takarda ba za ta tsayar da shi ba kuma, abin ya wuce nan. Don haka na yanke wata shawara, na kuma riga na ɗauki mataki, jirgin da zai ɗauki wannan wasiƙar shi zai fara mini aikin. Ba zan faɗi komai a nan ba, kada ya gani ya shirya. Ke dai ki kwantar da hankalinki. Kafin ranar za ki ji an ƙwanƙwasa ƙofa, kuma wanda zai shigo, Struan ba shi da yadda zai yi ya kawar da kai. Ki ɗora ruwan shayi kawai.

Na ɓata, ni zan gyara.

Naki,
Fergus

Greenock, Yuli

Fergus,

Gaisuwa. Muna raye dukanmu, Mama lafiya, idon Struan yana nan a inda yake. Na fara da wannan ne don kada ka juya takarda ka binne wani. Ka ga kuma na sa lamba a kowane shafi.

Da na karanta cewa za a ƙwanƙwasa ƙofa in ɗora ruwan shayi, me kake zaton zan fahimta? Na ce Fergus na tafe. Na gaya wa Mama, ta tashi da ƙafar nan tata ta toya maka burodin zabibi. Na shanya katifa, na aro gado mai naɗewa wurin maƙwabta. Sau uku ina zuwa tasha ina duba masu saukowa daga jirgin ƙasan Glasgow, kamar wata mai jiran miji daga yaƙi. Rabona da in yi barci mai daɗi irin na makon nan tun Maris.

Ranar Talata aka ƙwanƙwasa. Na buɗe da murmushina, sai ga wani ƙato cikin jiƙaƙƙiyar rigar ruwa, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Wai Hector Meikle, ɗan jarida, tsohon abokinka, ka rubuto masa komai. Ya ci burodinka yanka uku.

Na gane lissafinka. Ka ce in jarida ta fasa ƙwai, hukuma ko 'yan sanda za su hana, ko kunya ta sa Dod ya janye. Dod da kunya? Ranar Alhamis labarin ya fito da hoton Struan rabin shafi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tsohon zakaran duniya mai ido ɗaya zai koma fage. Ba wanda ya hana komai. Kafin Juma'a da rana tikiti ya ƙare, Dod ya aro kujeru daga coci. Abin da ka yi kawai shi ne ka sanar da duk Scotland, har da Rab Gilfillan, wane ido ne ba ya gani. Struan ya karanta a teburin girki, ya ninke jaridar, ya ce, "Fergus ne."

Ranar Asabar gidan rawar ya cika har kan tagogi. Da ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta fage, wadda Mama ta cire wa asu ta goge, mutane suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa suna kiran sunansa, wasu na share ido da hula. Ina bayansa da bokiti da tawul.

Zan faɗa maka wani abu, kada ka maimaita. A turmin farko na ga abin da kuke faɗa shekara da shekaru. Hagun nan yana nan. Ban ga fitarsa ba, sai dai in ga kan yaron ya koma baya, sau uku, sau huɗu, Struan kuma ya riga ya bar wurin. Na tsani dambe, har gobe na tsane shi, amma ban taɓa ganin yayana ya yi kyau kamar a wannan ɗan lokacin ba. Hancin Rab ya fashe, ɗakin kamar zai rushe.

A turmi na biyu numfashin Struan ya fara gajarta, nan ne na damƙe tawul. Sai na lura da wani abu. Rab ba ya kai hannu sama. Ciki yake bugu, da haƙarƙari, da kafaɗa. Kuma duk inda Struan ya juya, sai yaron ya zagayo ta damansa, inda zai gan shi. Mutane ma suka lura, aka fara yi masa ihu, wai an saye shi, wai matsoraci.

Struan ya fi kowa saurin ganewa. A turmi na uku ya sauke hagunsa da gangan har ƙugu, ya miƙa masa gefen fuskar a buɗe. Rab ya duba, ya ga ƙofa a buɗe, ya bugi kafaɗa. Struan ya rungumo shi, na ga suna magana kunne da kunne har alƙalin wasa ya raba su. Daga baya na matsa masa ya gaya mini. Ya ce masa, "Buge ni, ɗan banza, me ka zo yi?" Yaron ya ce, "Ba zan iya ba, Mista Pirie. Babana ya ce in na taɓa idon nan kada in dawo masa gida."

Aka kaɗa ƙararrawa ya dawo ya zauna. Na kawo ruwa ya kawar da kai. Ya daɗe yana kallon kusurwar yaron, sannan ya miƙo mini hannayensa biyu.

"Kwance min, Ishbel."

Na ce ya tabbata?

"Sadaka yake ba ni. Ban zo karɓar sadaka ba."

Na kwance igiyar safar. Tawul ɗin da na yi wata biyu ina shirin jefawa yana kafaɗata, ban ko taɓa shi ba. Wasu daga baya suka fara jifa da kofunan takarda. Struan ya tashi ya je tsakiyar fage, ya kama hannun Rab ya ɗaga sama, ya riƙe shi a nan har masu ihun suka gaji, tafi ya rufe su. Yaron yana kuka da hancinsa a fashe. Dod ya biyo mu har bakin ƙofa yana kumfar baki, Struan ya dube shi sau ɗaya, sai Dod ya tuna yana da aiki a ciki. A hanya muka tsaya muka sayi kifi da soyayyen dankali, ya ci da kumburarrun hannayensa.

Yanzu na san abin da ke zuwa bakinka, don haka ka haɗiye shi. Kada ka kuskura ka ce dabararka ce ta yi aiki. Ba ka san Rab ba, ba ka san yana da uba mai mutunci ba. Da wani ne mara imani, da ka ba shi taswirar inda zai buga. Kuma ba kyauta aka tsira ba. Manajan sito ya karanta jaridar shi ma, ya ce ba zai bar mai ido ɗaya kusa da injin ɗaga kaya ba, sun mayar da Struan gadin ƙofa. Yana zaune cikin ɗan akurki yana ɗaga wa motoci sanda. Yanzu duk garin sun san yana raye, kowa ya wuce sai ya tsaya ya tambaye shi ya ido. Ya ce da wannan gara lokacin da yake matacce.

Ya yarda a yi aikin, an sa farkon Agusta. Sunanka kuwa ba a ambatarsa a gidan nan, sai Mama, da har yanzu take tambaya yaushe za ka iso. Gadon aron yana nan a jingine, na kasa gaya mata.

Ishbel

Greenock, ƙarshen Yuli

Fergus,

Ina lafiya, ina fata kana lafiya. Ishbel ce ta ajiye mini biro da takarda ta tsaya a kaina, ta ce ba abinci sai na rubuta. Yanzu ta fita.

Ban yafe maka ba tukuna. Ka sa an buga ni a jarida kamar wani abin tausayi. Kuma ka gaya wa Hector wai a Caracas hannuna a turmi na uku ya karye. A na tara ne. Ka daina ƙara gishiri, abin da na yi ya isa haka nan.

Yaron nan Rab ya zo gaishe ni da babansa. Yana da kirki, amma yana sauke dama duk lokacin da ya jefa hagu. Na gaya masa. Wani zai kwantar da shi wata rana in bai gyara ba.

Ranar Talata za su yi aikin. Likita ya ce zai iya yiwuwa, zai iya ƙi. Za su rufe mini ido biyu na kwanaki, in kwanta ban motsa ba. Na shiga fage da mutanen da suka so kashe ni ban ji komai ba, amma wannan ina jin tsoronsa, Fergus. Ban san me ya sa ba. Kada ka gaya wa Ishbel.

Struan

Ni ce mai liƙe ambulan a gidan nan, don haka na karanta. Na sani tun tuni, ina jin sa yana zagaye ɗaki. Na ɗauki hutu a wurin aiki, zan zauna kusa da gadonsa har a buɗe idon. Ka rubuto masa doguwa, ta shafi da yawa, ni zan karanta masa tunda ba zai gani ba. Wannan karon ka sa Caracas ɗin, na yarda.

Ishbel